Shafaffiyar 'Yar Ɗari: Yadda Ake Auna Sulallan da Hannu Ya Cinye

Ranar wata Asabar da hantsi, a bakin babbar kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, na miƙa wa mai ƙosai kwandalar sefa ɗari, wato 'yar ɗari. Ta juya ta ciki da bai, ta murza ta da babban yatsa, sannan ta miƙo mini abata. "Malam, sake mini wata, wannan ta shafe. Ko na karɓa ba mai karɓa a hannuna." Ban ja da ita ba, don gaskiyarta ce. Mai babur zai ƙi ta, mai kanti zai ƙi ta, duk kuwa da ƙarancin canjin da ya addabi mutane a ƙasar nan shekara da shekaru. Na ba ta wata, na jefa shafaffiyar a aljihu.

Da dare na ɗauko ta, na karkata ta a gefen fitila yadda haske zai kwanta a kanta maimakon ya sauko mata daga sama. Kawunan dabbobi ukun da ke jikinta sun koma kamar inuwa, ƙahonninsu sun haɗe da juna. Amma a kewayen baki haruffa biyar sun tsira: TCHAD. Shekarar ma ta fito, da ƙyar, 1975. Wato a Faransa aka buga ta saboda ƙasar Cadi, ta yi ta yawo daga aljihu zuwa faranti, daga faranti zuwa bakin zane, har ta iso gaɓar Binuwai. Ina kyautata zaton ta girmi mai ƙosan da ta ƙi ta.

Mutanenmu sun kasu biyu a kan irin wannan kwandala. Wasu suna jefar da ita a ƙasan akwati ko su ba yara su yi wasa. Wasu kuma sun ji a wayar salula cewa Turawa na sayen tsohon kuɗi da miliyoyi, sai su riƙe kowane tsohon kwabo kamar zinariya, har wani ɗan damfara ya zo ya karɓi "kuɗin gwaji" a hannunsu ya ɓace. Abin da ya haɗa su duka biyun shi ne rashin sanin ma'aunin da masu wannan harka suke aiki da shi. Ma'aunin yana nan, ba shi da wuyar koyo, kuma ina ganin ya kamata mu san shi, mu kuma san inda ya gaza a kan kayanmu.

A 1949 wani likita Ba'amurke mai suna William Sheldon ya tsara matakai daga 1 zuwa 70 don auna lafiyar tsofaffin kwabban tagulla na farkon kafuwar Amurka. Lissafinsa na farashi ne: idan kwabon da ya shafe sarai yana mataki na 1, to na mataki na 4 ya ninka shi sau huɗu a kuɗi, na mataki na 70 kuma sau saba'in. Kasuwa ta daɗe da rushe wannan lissafi, amma lambobin sun zauna. Da aka kafa kamfanin PCGS a 1986 da NGC a 1987, sai suka mayar da abin sana'a: ka aika musu kwandalarka, masanansu su duba, su rufe ta cikin gidan roba mai tauri, su manna lambar matakinta. Daga 60 zuwa 70 na waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba ne, kuma a can ne yawancin masu kuɗi suke kokawa. Mu namu yana can ƙasa.

Kowane mataki yana da gajeren suna na Turanci haɗe da lambarsa, kuma mafi ƙasƙanci shi ne PO-1. Kwandalar ta zama kamar an lashe ta, sai dai har yanzu ana iya gane irinta da shekararta. A FR-2 an fara ganin ɓurɓushin zane da wasu haruffa. A AG-3 hoton ya fito a dunƙule, ana karanta mafi yawan rubutun, amma bakin kwandalar ya zaizaye har ya ci saman haruffan. A G-4 baki ya kusan cika zagaye, hoton kuma ba shi da gashi ko ido, sai suffa kawai. Harafin G ɗin nan ma'anarsa "mai kyau", kuma nan ne sabon shiga yake ruɗewa. Faransawa ma haka suke yi, kuma mu da littattafan farashinmu da dillalanmu suka fi karkata ga Faransanci dole mu lura: abin da suke sa wa B, wato "kyakkyawa", kwandala ce da ta sha wuya ƙwarai. Sai ka wuce TB ka kai TTB kafin ka ga abin da ɗan kasuwa zai kira mai kyau, sannan SUP, har zuwa FDC wadda take kamar yau ta fito daga maƙera. Wanda aka ce wa kwandalarsa "kyakkyawa" ce ya tafi gida yana murna, alhali an faɗa masa ne tana kusa da gindin tsani.

To wa ke sayen na gindin tsani? Mutum iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin maganar. Na farko yana neman kwandalar da ba ta da yawa tun asali, aljihunsa kuma bai kai ga mai sheƙi ba. Misalin da aka fi bayarwa a Amurka shi ne 'yar santi goma ta 1916 da aka buga a Denver, wadda guda 264,000 kacal aka yi. Ko ta suɗe kamar tafin hannu, muddin ana ganin shekarar da ɗan harafin D, kuɗinta ba kaɗan ba ne. A nan ƙarancinta ake saye, shafewar kuwa haƙuri ake yi da ita.

Na biyu shi ne mai ban mamaki: shafewar kanta yake nema. Akwai masu gasar tara jerin sulalla da kowace ɗaya take a mataki mafi ƙasƙanci, har PCGS ta ware musu rukuninsu a rajistarta. Da na fara jin haka na ɗauka almubazzaranci ne na waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Da na yi tunani sai na ga akwai hujja. Sabuwar kwandala mai sheƙi ba ta da wuyar samu, don mutane suna ɓoye ta ƙunshi-ƙunshi tun ranar fitowarta. Amma kafin kwandala ta sauko PO-1 sai ta yi shekaru masu yawa tana aiki, ba ta ɓata ba, banki bai janye ta ba, ba a huda ta ba, mota ba ta taka ta ba, kuma duk da haka shekararta ba ta goge ba. Wannan gaɓa siririya ce. Kwana kaɗan gaba da ita, shekarar ta tafi, kwandalar ta zama ƙarfe kawai da ba wanda zai ba shi lamba. Amurkawa sun san zafin wannan a 'yar santi biyar ɗinsu mai hoton ɓauna, ta 1913 zuwa 1938, wadda aka ɗora shekararta a wuri mai tudu, har ta zama ita ce farkon abin da yake gogewa.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A ƙasashen da banki yake kwashe tsofaffin sulalla a kai a kai, shafaffiya baƙuwa ce. A Garwa da Marwa da Kusiri da Injamena kuwa, har yanzu kana iya karɓar canji ka tarar da 'yar ashirin da biyar ta 1958, wadda aka buga tun kafin Kamaru da Cadi su sami 'yancin kai a 1960. Abin da wasu suke nema da fitila, mu shi ne yake cika gwangwanin mai shayi. Sai dai wahalarmu ta daban ce, kuma daga hoton take.

Dabbobin nan uku masu murɗaɗɗen ƙaho, da muke kira barewa don sauƙi, manyan namun daji ne da Faransawa ke ce wa éland de Derby, irin waɗanda ake samu a gandun dajin Buba Njida da na Binuwai a nan arewa. Hotonsu ya hau 'yar biyar da 'yar goma da 'yar ashirin da biyar a 1958, ya kuma zauna shekaru da dama ba a sauya shi ba. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne rubutun kewaye. Ta 1958 tana ɗauke da sunan Afrique Equatoriale Française da Cameroun. Bayan 'yancin kai rubutun ya koma Etats de l'Afrique Equatoriale. Da aka kafa BEAC, babban bankin ƙasashen yankin Afirka ta Tsakiya, a 1972, sai sulallan da suka biyo baya suka ɗauki sunansa. Zamani uku, hoto ɗaya. Rubutun kewaye kuwa shi ne yake kusa da baki, shi ne yake fara tafiya idan baki ya zaizaye. Saboda haka a sulallanmu tazarar da ke tsakanin AG-3 da ƙarfen banza takan zama haruffa uku ko huɗu. Idan ka iya karanto "FRANÇ" a kan 'yar ashirin da biyar, ka riƙe tarihin mulkin mallaka a hannunka. Idan ba ka iya ba, kuma shekarar ta goge, ka riƙe giram takwas na jan ƙarfe ne kawai, ko ƙasa da haka.

'Yar hamsin da aka fara bugawa a 1976 ta fi wannan tsanani, don harafi ɗaya tak ne yake nuna ƙasar da aka yi wa ita: A na Cadi, B na Afirka ta Tsakiya, C na Kwango, D na Gabon, E na Kamaru. 'Yar ɗari ta farin ƙarfen nikel ita kuma sunan ƙasar aka rubuta mata a fili, shi ya sa tawa ta iya gaya mini daga ina take. A cikin wannan dangi akwai wadda duk mai tara sulallan yankin nan yake fatan gani, wato ta 1978 mai ɗauke da Empire Centrafricain, daga ɗan lokacin da Bokassa, shugaban Afirka ta Tsakiya, ya naɗa kansa sarkin sarakuna kafin a kifar da shi a 1979. Tana da wuyar samu. Shafaffiyarta da ake iya karanta kalmar EMPIRE a jikinta ta fi tulin masu sheƙi na gama-gari. Wannan ne ya sa ba na barin 'yar ɗari ta wuce ta hannuna ban karkata ta ga haske ba.

Gane iri da shekara shi ne sharaɗi na farko. Sai kuma sharaɗi na biyu, wanda ya fi na farko kayar da mutane: dole shafewar ta zama ta hannu ce. Cin hannu yana da kamanninsa. Yana farawa daga tudun zane, kamar goshin dabba da tsakiyar ƙaho, ya gangara a hankali, fuskar ta yi sumul, launin ya zama bai ɗaya, datti ya zauna a cikin kwarin haruffa. Wanda ya goga kwandala a siminti ko da takardar yashi don ta yi kama da tsohuwa yakan bar layuka masu bin hanya guda, gilashin ƙara girma yana nuna su nan take. Huda, lanƙwasa, walda, tsatsa mai cin jiki da wanki duk lahani ne a idon kamfanonin nan. Kwandala mai lahani ba a ba ta lamba. Sai dai a rufe ta da shaidar cewa ta gaskiya ce, a rubuta aibinta, farashinta kuma ya faɗi.

Wanki shi ne ya fi yi mini ciwo, don na taɓa yi da hannuna. Ina saurayi na tsinci faran ɗaya na tagulla a cikin tarkacen gidanmu, baƙi ƙirin, da hoton zakara a gefe guda da gicciye mai hannu biyu a ɗaya gefen. Na matse lemon tsami, na haɗa da toka, na dirje shi har ya yi ja kamar sabon tasa. Sai daga baya na san abin da na riƙe. Na 1943 ne, na Kamarun da ta bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun watan Agustan 1940, kamar yadda Cadi ta yi a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué. Da yake Faransa na hannun Jamus a lokacin, a Pretoria ta Afirka ta Kudu aka buga shi. Baƙin da na kankare fatar da tagulla ta yi wa kanta ce cikin shekaru, kuma ba ta dawowa yadda take. Yana nan a wurina har yau, da ƙananan ramuka a fuskarsa inda tsami ya ci. In ƙasa ta manne wa kwandala, ruwa mai tsabta ya isa, a bar ta ta jiƙa, a shanya ta a kan ƙyalle ba tare da murzawa ba. Kada a ajiye ta cikin leda mai laushi, musamman da damina a kwarin Binuwai, don takan bar mata kore mai danƙo. Ambulan takarda ya fi.

Har nan ina tare da ma'aunin Sheldon. Inda muka rabu shi ne a kan liyari.

Kakata tana da guda uku a jikin wata tsakiya da take ɗaurawa ranar biki, kowanne da ɗan kunne na azurfa da maƙerin fari ya like masa. Manyan sulallan azurfa ne masu hoton wata mace mai ƙiba da lulluɓi, a bayansu kuma tsuntsu mai kai biyu. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fatake sun riga sun amince da kuɗinta, don haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a sauya ba, a Biyana da wasu biranen daularta, daga baya har a Rum da Landan da Paris da Brasels da Bombai. Abin da aka buga ya haura miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina ba. Ta hamada ya shigo Barno da Wadai da ƙasar Hausa, ya zauna tare da wuri a kasuwanninmu. Sawunsa yana nan a bakinmu: ɗan Injamena yana ƙirga kuɗi da riyal, kowane riyal sefa 5, ɗan Nijar kuma da dala.

Duba yadda liyari ya juya dokar. A sauran sulalla shekara ita ce shaida, shafewa kuma ita ce take ɓata shaidar. A liyari shekarar ba ta gaya maka komai, don wanda aka buga bara ma 1780 ne a jikinsa. Masana suna da ƙananan alamomin da suke bambance bugu da bugu, amma ga ni da kai, abin da yake nuna cewa wannan ya yi tafiyar raƙumi, ya sayi gishiri, ya kwana a wuyan amarya, shi ne shafewarsa da kunnen da aka like masa. Abin nan da kamfanin Amurka zai rubuta wa "lahani".

Na taɓa kai ɗaya daga cikin na kakata wajen wani dattijo mai sayar da kayan azurfa a kasuwar sana'ar hannu ta Marwa. Bai kalli shekarar ba ko sau ɗaya. Ya ɗora shi a kan yatsa ya ƙwanƙwasa ya saurari ƙararsa, ya ɗora a sikeli, sannan ya sa farce a kafaɗar matar. "Ɗana, ka ga nan? Akwai 'yan duwatsu kewaye da maɓallin rigarta. Iyayenmu su suke lalubawa. In sun shafe, a rage kuɗi." Na ce, "Baba, to wannan fa?" Ya ce, "Wannan ya ga duniya. Kada ka bari a narka shi." Wannan lalube na maɓallin kafaɗa sananne ne har a Habasha da ƙasashen Larabawa, inda akan ƙi karɓar liyarin da duwatsunsa suka goge. Ashe tun kafin 1949 fatakenmu suna da nasu mataki, kuma a daidai tudun da ya fi saurin gogewa suke duba, kamar yadda masanan yau suke yi.

Ba ina cewa kunne yana ƙara wa liyari kuɗi a kasuwar duniya ba ne. Ba ya ƙarawa, kuma duk wanda ya ce maka yana ƙarawa yana neman aljihunka ne. Cikakken liyari giram 28 ne da ɗoriya kaɗan, azurfarsa kashi 833 cikin 1000, wato kimanin giram 23 na tsantsar azurfa, kuma mai kunne ko mai huda ba ya nisa da farashin wannan azurfar. Jabu ma sun yi yawa, shi ya sa sikeli da maganaɗisu suke da amfani, tunda azurfa ba ta kama maganaɗisu. Abin da nake cewa shi ne lambar tana auna nisan kwandala daga ranar da aka buga ta, ba ta auna abin da ta yi a tsakanin. Ga mai tara kayan Amurka wannan ya wadatar. Ga wanda yake son sanin yadda kuɗi ya zama ado da sadaki da ajiyar mata a tsakanin Hausawa da Fulani da Larabawan Shuwa, liyari mai kunne ya fi sabo fil bayani. Kuma da yake ba shi da lamba, shi ne yake fara shiga wutar maƙera a mayar da shi zobe.

A nan zan ɗan ratse kan kwabo mai huda, don shi ne aka fi yaudarar mutane da shi. Kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini na Afirka ta Yamma ta Ingila, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, sun shigo mana ta Yola da Mubi, suna nan a gidaje da yawa. Hudarsu daga maƙera take, don a zura su a igiya, saboda haka ba lahani ba ce. Akwai ma na 1936 masu sunan Edward na Takwas, sarkin Ingilan da ya sauka daga mulki a shekarar da ya hau. Labarin yana da daɗi, amma an buga su da yawan gaske, kuma shafaffensu ba ya sayen buhun shinkafa balle mota. Aika irinsa ofishin PCGS na Paris ɓarnar kuɗi ce, don ladan dubawa da na aikawa sun ninka darajarsa sau da yawa. Ido da fitila da gilashi sun ishe mu auna mafi yawan abin da muke da shi.

Lokaci kuma yana ƙurewa. Sababbin sulallan da aka fitar a 2006 sun riga sun rage yawan masu barewa a kasuwa, a 2025 kuma BEAC ta fito da wani sabon jeri har da 'yar 200. Tsofaffin za su yi ta raguwa, kuma waɗanda za su fara ɓacewa su ne shafaffun da kowa yake ƙi.

Tawa 'yar ɗarin na daɗe ina juya ta kafin na yanke mata hukunci. Da kalmar REPUBLIQUE ta fito ko da rabi ne, da na ba ta AG-3. Ba ta fito ba, sai TCHAD da shekarar, da inuwar kawuna uku, ba huda, ba kankara, ba alamar wanki. Na sa ta a ambulan na rubuta a bayansa: Cadi, 1975, FR-2, mai ƙosai ta ƙi ta a babbar kasuwar Garwa.